Amsa ga Hajiya kan karrama masu tsaya wa yaran riƙo a kotu

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tambayarki sau biyu na karanta ta. Kin ce a ƙungiyarku ta matan Hausawa mazauna nan Amurka akwai wata baiwar Allah da ta shekara shida tana aikin CASA kyauta, wato aikin sa kai na tsaya wa yaran da hukuma ta ɗauke daga hannun iyayensu a gaban kotu, kuna so ku karrama ta a walimar bayan Sallah, sai wasu suka tada ƙura wai ai irinsu ne ke taya gwamnati raba iyaye da 'ya'yansu, shi ne kike so ki san ainihin aikin nan, kuma in karramawar ta dace to ya za a yi ta.

Ni dai shekara huɗu na yi ina aikin da kaina, sannan na ƙara bakwai ina kula da masu yinsa, wato duk rahoton da za su kai wa alƙali sai ya biyo ta teburina tukun. Dan haka a gajarce, ku karrama ta wlh, ta cancanta. Amma fa akwai yadda ake yi, dan na ga inda aka shirya karramawa da kyakkyawar niyya ta zame wa mai ita matsala.

Bari in fara da riƙon, saboda kalmar tana ruɗa mutanenmu. A gida in aka ce ɗan riƙo, yaro ne da aka ba wa goggo ko kawu ko kaka, dangi ne suka shirya abinsu tsakaninsu, ba takarda ba alƙali, kuma kowa ya san ɗan waye. Nan ba haka bane. Nan hukumar kare yara ce take ɗauke yaro in an kai rahoton ana cutar da shi ko ana sakaci da shi, kotu ta amince, sai a ajiye shi wajen wani dangi in an samu, in ba a samu ba a kai shi gidan mutanen da gwamnati ta ba lasisi, waɗanda bai taɓa ganinsu ba a rayuwarsa. A 2021 yaran da ke irin wannan riƙo a faɗin ƙasar sun kai wajen 391,000, zuwa 2022 suka sauka wajen 369,000. Kuma abin da mutane basu sani ba, yawancin kes ɗin ba duka ko azabtarwa bane, sama da kashi 60 cikin 100 sakaci ne aka rubuta, wajen kashi ɗaya cikin uku kuma akwai maganar shaye-shayen iyaye a ciki.

Toh ki kwatanta zaman kotun a ranki. Hukuma ta zo da lauyanta, uwa da nata, uba in ya bayyana shi ma da nasa, ga soshal woka, wato ma'aikaciyar hukumar mai bin kes ɗin, riƙe da fayil-fayil na iyalai da yawa, alƙali kuma yana da jerin kes a ranar, wani zaman ko minti ashirin baya kaiwa. A cikin wannan ɗan lokacin za a yanke inda yaro zai kwana wata shida masu zuwa, wace makaranta zai je, zai ga ƙannensa ko ba zai gani ba. Wannan shi ne abin da ya hana wani alƙali barci a birnin Siyatil na jihar Washinton, sunansa David Soukup. A 1976 ya rika jin cewa yana yanke wa yara hukuncin rayuwa alhali bayanin da ke gabansa bai isa ba, kowa a ɗakin yana magana da yawun wani, yaron ne kaɗai ba mai magana da yawunsa. Sai ya nemi mutanen gari su zo a horar da su su rika bincike suna faɗa masa abin da ya fi alheri ga yaro. Mutum wajen 50 suka amsa kira, aka fara a 1977. A 1982 aka kafa ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya, a 1990 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ƙarfafa yaɗa tsarin, yau akwai ɗaruruwan shirye-shirye a kusan dukkan jihohin ƙasar. Sunan CASA taƙaitawa ce, ma'anarsa wakili na musamman da kotu ta naɗa, kuma sai aka dace a yaren Sifaniyanci kalmar na nufin gida. A wasu jihohin kamar Fulorida da Karolina ta Arewa GAL ake ce musu, daga wata kalmar Latin mai nufin waliyyin yaro a cikin shari'a. Dama tun 1974 dokar tarayya ta ce dole a naɗa wa yaro irin wannan wakili in maganar cin zarafi ta je kotu, a 1996 aka gyara ta aka fayyace cewa zai iya zama lauya ko ɗan sa kai na CASA.

Ba haka kawai ake shiga ba. Galibi sai mutum ya kai shekara 21, a binciki tarihinsa ko yana da laifi, a yi masa intabiyu, ya yi horo na awa 30, sannan ya tsaya gaban alƙali ya ɗaga hannun dama ya yi rantsuwa, kuma duk shekara sai ya ƙara awa 12 na horo. Daga nan alƙali ya ba shi takardar naɗi, wadda da ita zai shiga makaranta ya ga rikodin yaro, ya yi magana da likita, ya ziyarci gidan riƙo, ya zauna da iyaye. Kes ɗaya ko biyu yake riƙewa a lokaci guda, kuma nan ne duk sirrin abin yake. Aƙalla sau ɗaya a wata zai je ya ga yaron ido da ido. Ba a biyansa ko sisi.

Bari in nuna miki aikin a kusa, na sauya wasu bayanai saboda amana. Akwai wani yaro ɗan shekara takwas, makaranta uku ya zaga cikin shekara ɗaya da rabi saboda ana ta sauya masa gida, kuma ko ina abu ɗaya ake rubutawa, baya jin magana, taurin kai, ana kiransa yana share mutane, har an fara maganar a sa shi a magani. Wadda aka naɗa masa tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ta karɓo fayil ɗinsa mai kauri kamar bulo, ta zauna a teburin kicin ɗinta dare uku tana bi shafi shafi da biro, sai ta ci karo da wata 'yar takarda daga makarantar farko, an gwada kunnensa ya faɗi gwajin, an ce a kai shi asibiti, kafin a kai shi aka mayar da shi wani gida, takardar ta nutse. Da ta koma ziyara sai ta tsaya ta bayansa ta kira sunansa a hankali, ko motsi bai yi ba. Layi uku ta rubuta a rahoto. Alƙali ya ba da umarni a kai shi wajen likitan kunne cikin kwana 30. Ashe yaro ba taurin kai gare shi ba, ji ne baya yi sosai. Ba wanda ya yi mugunta a wannan labarin, soshal woka ta uku ce a kan kes ɗin, ita ma a gaje take, dama masu wannan aikin ana ƙiyasta kashi 20 zuwa 40 cikin 100 suna barinsa duk shekara. Kowa yana wucewa ne, malamar nan ce kaɗai ta tsaya, shekara biyu da wata huɗu har aka rufe kes.

Wannan tsayawar ita nake so ki riƙe Hajiya, dan ita ce abin karramawa. Gida ya canza, makaranta ta canza, soshal woka ta canza, wani lokacin har alƙalin ya canza, yaro ya kwashi kayansa a baƙar ledar shara ya koma wani waje, amma ranar Asabar sai ga fuskar nan dai da ya sani tana ƙwanƙwasa sabuwar ƙofar. Shekara shida da kika ce 'yar uwar nan ta yi ba ƙaramin abu bane, mutane da yawa daga kes na farko suke ajiyewa, kuma ban ga laifinsu ba.

Yanzu maganar masu ƙorafi. Dan Allah kar ki yi fushi da su, tsoronsu yana da tushe, duk wanda ya ga an zo da 'yan sanda an ɗauki yaran maƙwabcinsa ba zai manta ba. Amma a gyara abu ɗaya, mai aikin CASA ba shi ke ɗauke yaro ba, sai bayan an riga an ɗauke kes ya shiga kotu ake naɗa shi, kuma ba ma'aikacin hukumar bane, sau da yawa ma shi ke tashi a kotu ya ce hukuma ta yi alƙawarin kaza bata cika ba. Baya yanke hukunci, shawara yake bayarwa, alƙali ya ɗauka ko ya bari. Kusan rabin yaran da ke fita daga riƙo gidan iyayensu suke komawa, kuma na sha karanta rahoton da ɗan sa kai ya rubuta ƙarara cewa uwar nan ta yi duk abin da aka ce ta yi, a mayar mata da 'ya'yanta.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, alƙalai suna jin maganarsu sosai, kuma duk wanda ake jin maganarsa kuskurensa ma nauyi gare shi. Mafi yawan 'yan sa kan nan farar fata ne, mata, masu rufin asiri, alhali yara baƙaƙe wajen kashi 14 cikin 100 ne na yaran ƙasar amma sun haura kashi 20 a cikin riƙo. Wani babban bincike da masana a jami'ar Teksas da ke Ostin suka yi kan yara sama da 30,000 ya nuna yaran da aka naɗa wa CASA sun fi ƙarancin komawa wajen iyayensu in aka kwatanta da sauran. Masu kare tsarin sun ce ai kes mafi wuya ake ba su tun farko, akwai gaskiya a nan, amma ni a ganina bai kamata a share sakamakon ba. Ni kaina na sha mayar da rahoto saboda an rubuta yara huɗu suna kwana ɗaki ɗaya, ko suna cin abinci a ƙasa kwano ɗaya da hannu, kamar wani laifi ne. Sai in kira mutum in ce zauna, faɗa min wace cutarwa ka gani a nan, talauci daban sakaci daban, al'ada kuma daban. Ga kuma agogon doka yana tafiya, tun 1997 in yaro ya yi wata 15 cikin 22 a riƙo hukuma za ta nemi a yanke haƙƙin iyaye gaba ɗaya sai in akwai dalili, kin ga rahoto ɗaya da bai fahimci gida ba zai iya cinye wa uwa watannin da ba za su dawo ba.

Toh wannan ƙorafin da kansa shi ne hujjar ku karrama ta. In matsalar ita ce masu rubuta rahoto basu san mu ba, to ga wadda ta san mu ta shiga ciki. Akwai wata yarinya 'yar Afirka ta Yamma da aka rubuta a fayil ɗinta wai bata da dangi a ƙasar, duk da cewa dokar 2008 ta wajabta a nemi dangi a sanar da su cikin kwana 30 da ɗauke yaro. An tambayi uwar, a tsorace take, ta ɗauka in ta ambaci sunan wani shi ma za a je masa. 'Yar sa kan da aka naɗa tamu ce, ta zauna kusa da yarinyar a falon gidan riƙo ta ga kanta duk ya cukurkuɗe ba wanda ya iya taɓa shi, sai kawai ta ce mata, wa ke miki kitso da? Yarinya ta ce anti. Wace anti, a ina take, motar me kuke hawa in za ku je? Daga kitso aka gano ƙanwar mahaifinta a wata jiha. An sha wata da watanni ana takardun tsallaka jiha, amma a ƙarshe can aka kai ta, ta yi azumi a gidan da ake tashi sahur. Gidajen riƙo na Musulmi sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, dan haka wanda zai tuna wa kotu cewa yarinyar nan bata cin naman alade, tana so a bar ta da ɗankwalinta, ana bukatarsa ba kaɗan ba.

Sai yadda za a yi karramawar. Abu na farko ki same ta ke da ita ki tambaye ta ko tana so, kuma ki bar ta ta sanar da mai kula da ita a ofishin CASA. Wasu basa so a san fuskarsu, musamman in al'umma ƙarama ce kowa ya san kowa, dan akwai iyayen da har yanzu suna jin haushin yadda kes ɗinsu ya ƙare. In ta amince, to ki ja kunnen mai gabatarwa tun kafin ranar, ba sunan yaro, ba hoton yaro, ba sunan unguwa ko makaranta, kuma kar wanda ya miƙa mata makirfo ya ce ta ba mu labarin kes mafi ban tausayi. Rantsuwa ta yi a kan sirrin nan. Na taɓa ganin wata liyafa da mai gabatarwa ya ɗauki zafi yana yabo, ya ce yara uku 'yan gida ɗaya da mahaifiyarsu ta yi kaza a wata kaza, bai faɗi suna ba amma rabin zauren sun gane gidan, aka ɗauka a waya aka sa a WhatsApp, washegari dole muka cire matar daga kes ɗin. Yaran nan sun rasa mutum ɗaya da ya rage musu saboda tafi na minti biyu, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma kar a gayyato yaron riƙo ya zo ya yi godiya a gaban jama'a, ba bashi ya ci ba. In akwai babba da ya tashi a riƙo kuma shi da kansa yake so ya yi magana, wannan daban.

Abin da za a faɗa a kanta ya isa ba sai an taɓa sirri ba, shekara nawa ta yi, yara nawa ta tsaya wa, zaman kotu nawa ta halarta, mil nawa ta tuƙa. Ofishinsu yana da wannan lissafin saboda duk wata suna cike awanni, in ta yarda za su ba ku. In da hali ku roƙi ofishin ya nemo muku 'yar wasiƙa daga alƙalin da take bayyana a gabansa, wlh na ga mutanen da suka ajiye kofin gilas a sito amma wasiƙar alƙali mai layi huɗu tana manne a jikin firij shekara da shekaru. Ku kuma kira mijinta da yaranta gaba, su ne suka yi haƙuri da Asabar ɗin da babu ita a gida.

Kyauta kuma ku duba abin da zai sa ta iya ci gaba. Atamfa da satifiket ba laifi, amma mai ne ke cin 'yan sa kai, dan wani lokacin yaro ana kai shi gida mai nisan awa biyu kuma dole ta bi shi, abin da hukumar haraji ke yarda a cire na tuƙin aikin agaji kuwa santi 14 ne kacal a kowane mil. Katin shan mai, ko wata ta ɗauki nauyin ɗauko mata yara daga makaranta ranar da take kotu, ko a kai mata tukunyar abinci a satin da take rubuta rahoto, waɗannan sun fi amfani nesa ba kusa ba. Kar ku ba ta kuɗi ku ce ta kai wa yaran, ƙa'ida ta hana su irin wannan, in kuna so ku taimaki yaran ku tara ku kai ofishin da sunanta, ko ku sayi akwatuna da jakunkuna masu kyau dan a daina zuba kayan yara a ledar shara. In kuna neman lokaci ban da Sallah, Afrilu shi ne watan yaƙi da cin zarafin yara kuma a cikinsa ake makon 'yan sa kai, Mayu kuma tun 1988 zamanin shugaba Reagan aka ware shi watan yaran riƙo, a lokacin ofisoshin suna nasu bikin, za ku iya tura sunanta cikin waɗanda za a zaɓa.

Sannan ku yi addu'a, ku yi mata, ku yi wa yaran, ku haɗa da iyayen da aka ɗauke wa 'ya'ya, dan ina tabbatar miki a cikin zauren nan akwai wadda abin ya taɓa shafa ko ya shafi 'yar uwarta tana zaune shiru. Kar a yi jawabin da zai mayar da iyaye dodanni. Mai aikin nan in ta ƙware ba ta kallon uwa a matsayin abokiyar gaba.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ki yi. Ki gayyaci mai ɗaukar 'yan sa kai daga ofishin CASA ko GAL na yankinku, ki ba ta minti goma da ɗan tebur a bakin ƙofa da fom. A wurare da yawa akwai yaran da ke jira ba a samu wanda za a naɗa musu ba, kuma duk shekara dubban matasa suke kai shekarun fita daga riƙo ba tare da sun samu gida na dindindin ba. Maza sun fi ƙaranci, samari 'yan shekara 14, 15 suna matuƙar bukatar namiji da zai zauna da su, dan haka ku faɗa wa mazajenku su zo kar a mayar da abin na mata zalla. Mai jin Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci ko Faransanci kuwa ofis da hannu biyu zai karɓe shi, ba sai kana da digiri ba, ba sai ka karanta shari'a ba, wajen awa 10 zuwa 15 a wata ne da alƙawarin ba za ka gudu ba sai an rufe kes. Waɗanda suka yi ƙorafin nan ma ki ba su kujerar gaba su yi wa matar ofis duk tambayar da ke ransu, in mutum biyu suka cike fom a daren nan ki sanar da ni wace jiha kuke, zan faɗa miki abin da za su tarar a horon da irin tambayoyin da ake yi a intabiyu. Ki gaida min ita da kyau dan Allah.